Inna Ta Bi Sawun Barewa

Wayar ta yi ƙara Inna tana wanke kofunan shayi. Tun kafin mijinta ya gama lalubo ta a aljihu ta san maharbi ne, don a lokacin farauta ba mai kiran Mai-kare, kamar yadda ake ce wa mijin nata, da sassafe sai wanda ya harbi dabba ta gudu da rauni. Ilai kuwa, makaniken bakin titi ne. Ya harbi barewa da asuba, ya ga ta yi tsalle ta faɗa kurmi, ya ga jini a ƙasa, daga nan ya rasa ta. Aikin Mai-kare ke nan tun yana saurayi. Shi ba ya harbi. Bin sawu yake yi da kare, ya nemo abin da wasu suka raunata, don kada dabba ta yini tana wahala ta mutu a banza a cikin ciyawa.

Guntu, karen, ya riga ya ji, ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Ɗan gajere ne mai kunnuwa har ƙasa. Inna ta daɗe tana shelar cewa ba ta ƙaunarsa, wai ɓarawon kicin ne mai barin gashi a kujera, amma duk gidan an san wa ke ɓoye masa ƙashi a ƙarƙashin murfin tukunya.

Abin da ya tsaya mata a rai idon mijinta ne. Yana ganin ƙofa, yana ganin mutum, yana ganin itace, amma ƙananan abubuwa sun yi masa sallama. Sai ya zuba shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya gusa. Bai taɓa faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Babban ɗansu ne ya faɗa, ranar da uban ya dawo daga daji da goshi a fashe: in Baba ya sake shiga daji shi kaɗai, zai zo ya ɗauke Guntu ya ba wani mai bin sawun. Ba mugunta ce ba, tsoro ne irin na ɗa. Sai dai Inna ta san in aka ɗauke karen nan, mijinta zai zauna a kujerar bakin taga ya ƙare a zaune. Ga shi kuma yau da la'asar yaron zai zo kawo musu cefane.

Ta goge hannu, ta ce da ita za a je. Mai-kare ya yi dariya har da tari. Ya tuna mata cewa ita ce mai hawa kujera in ta ga ƙadangare, ta ce ta ji, kuma da ita za a je. Ya ce akwai ƙaya, ta ce zama da shi ma ai ƙaya ce, ga ta nan ba ta mutu ba. Da motar makanike ta tsaya a ƙofar gida, ita ce ta fara shiga, Guntu ya haye cinyarta ba tare da an gayyace shi ba.

A bakin kurmi Mai-kare ya tambayi makanike ko ya bi barewar da gudu bayan harbin. Makanike ya sosa ƙeya ya ce kaɗan dai. Tsohon ya yi masa faɗa a tsanake: dabbar da ta ji rauni, in an ƙyale ta, nan kusa za ta nemi wuri ta kwanta, in kuwa aka kore ta sai ta yi ta tafiya har inda ƙarfinta ya ƙare. Sannan ya ɗaura wa Guntu doguwar igiya, ya ciro tsummokara farare daga jaka ya cusa a aljihu.

Nan Inna ta ga aikin da ta yi shekara da shekaru tana jin labarinsa a bakin murhu. Guntu ya sa hanci a ƙasa, ya zama wani kare daban, ba wasa ba haushi. Tun yana ɗan kwikwiyo aka koya masa cewa duk inda ya sami jini ya zauna, ba zai tashi ba sai ubangidansa ya duƙa ya duba, ya ɗaura tsumma a reshe, ya ce mu je. Tsumman don in sawu ya ɓace a san inda za a dawo, dubawar kuma don daga launin jinin ake gane inda harsashi ya shiga.

Ba su yi nisa ba Guntu ya zauna. Mai-kare ya duƙa. Ya daɗe a duƙe. Jinin yana nan ɓaro-ɓaro a kan wani faffaɗan ganye ta hannun hagunsa, shi kuwa yana ta shafa ciyawa ta dama, makanike tsaye a bayansa yana jiran jin abin da gwani zai ce. Tausayinsa ya kama Inna. Sai ta ja tsaki mai ƙarfi.

"Malam, dubi abin da ka jawo min. Ga jini nan a ganyen hagunka, daidai gwiwata, saura kaɗan ya ɓata min riga."

Hannunsa ya koma hagu a hankali, ya taɓa ganyen, ya murza yatsu.

"Wannan ɗan jinin ne zai ɓata miki riga?"

"Ɗan jini? Baƙi-baƙi ne fa, mai kauri, irin wanda nake wankewa a faranti in na yanka hanta."

Mai-kare ya miƙe, ya gyara murya, ya gaya wa makanike cewa a hanta ya same ta, ba za ta yi nisa sosai ba, amma a bi ta a hankali kuma ban da surutu. Ya ɗaura tsumma ya ce wa Guntu mu je.

To, ban da surutu ɗin nan shi ya ba Inna aiki, don dole mita ta koma raɗa. Duk inda Guntu ya zauna sai ta matso kusa da kunnen mijinta ta yi ƙorafi: ga wani a kan dutse gaban takalminka, ƙazanta kawai, ga wani a jikin reshe sama-sama, sai ka ce da gangan. Makanike yana biye yana girgiza kai, yana mamakin haƙurin tsohon da ya iya zama da mace mai mita haka.

A bakin wani rafi jinin ya yanke. Inna ta hango sawun kofato a laka, sun haye zuwa ɗaya gefen, ta ja hannun rigarsa tana nuna masa da ƙwazo. Guntu kuwa ya juya ya bi gefen ruwa ƙasa. Mai-kare ya raɗa mata cewa waɗancan sawun na wata barewar ce mai lafiya, ita dai ta riƙe jini, ta bar wa Guntu sauran. Ta murguɗa baki ta bi su.

Ƙarƙashin wani itace da ya faɗi suka same ta. Tana kwance, wuyanta a miƙe a ƙasa, cikinta yana tashi yana sauka da ƙyar, idonta a buɗe tana kallonsu. Da ba su zo ba, haka dabbar nan za ta yini, ƙudaje suna binta. Mai-kare ya zaro wuƙarsa, ya riƙe ta jim kaɗan, sannan ya miƙa wa makanike ya ce wanda ya fara shi zai ƙarasa, kuma ya yi sauri. Inna ta san da can ba ya ba kowa wuƙar nan. Ta kawar da kai har aka gama. Guntu ya sami rabonsa na hanta, ya haɗiye ko taunawa bai yi ba.

A hanyar dawowa makanike ya yi gaba da barewar a kafaɗa, su suna baya, Inna tana kwance tsummokaran daga rassa tana zuba wa mijinta a aljihu. Can Mai-kare ya ce, ba tare da ya juyo ba, yau da ba don ita ba, da a kan iska zai ɗaura su. Ta ce ita ba ta san zancen da yake yi ba, ita rigarta take karewa. Ya laluba ya kama hannunta, bai sake shi ba har bakin mota.

Motar ɗansu tana ƙofar gida da suka iso, bai ma jira la'asar ba. Ya fito da ledar cefane a hannu, ya ga uban da igiya da laka har gwiwa, fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki zai yi magana sai ya ga uwar ta sauko daga motar makanike, ƙaya a ɗankwali, jini a bakin riga.

"Ba shi kaɗai ya je ba," in ji ta. "Kuma ba zai sake zuwa shi kaɗai ba. Karen yana nan."

Yaron ya dubi uban, ya dube ta. Muryarsa ta yi laushi.

"Inna, har yaushe za ki iya wannan?"

"Har nawa idon ya gaji."

Ta zauna a dakali da nishi, ta jawo Guntu tsakanin ƙafafunta, ta fara cire masa ƙaya daga kunnuwa tana zaginsa ƙasa-ƙasa.