Naira Biyar ɗin Cif Ajeigbe

A kulob ɗinmu na 'yan fansho da ke Oke-Ado, cikin Ibadan, babu wanda bai haddace labarin naira biyar ɗin Cif Ajeigbe ba. Ko dara ake bugawa, ko amala ake ci, sai ya san yadda ya karkato da hira ta biyo ta nan.

"Lokacin da na sayi hannun jarin kamfanin Fulawar Orita, naira biyar-biyar ake sayar da shi, mutane na gudunsa kamar mai ƙyanda," haka yake farawa. "Ni na hango abin da ba ku hango ba. Hannun jari miliyan shida na kwasa a zama ɗaya."

Cif dillalin koko ne, irin wanda ake yin cakulan da shi, tun yana saurayi. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya sayar da rumbunan ajiyar da ya gada a Dugbe, ya shiga harkar hannun jari. Mu da muka sayi namu a naira talatin da wani abu, ɗan abin da fansho ya bari, sai mu sunkuyar da kai yana yi mana wa'azi. Har matasa ake turo masa su ɗauki darasi.

Ana nan sai wani babban kamfanin abinci na Legas ya haɗiye Fulawar Orita. Aka ce kowane hannun jari za a biya mai shi naira ashirin kuɗi hannu, a kuma ba shi sabon hannun jari na kimanin naira talatin. Murna ta cika kulob. Sai kuma aka ji cewa hukuma na da rabonta a cikin ribar. Mu ƙanana doka ta yafe mana, don abin namu bai kai a kalla ba. Cif kaɗai ya haye iyaka, kuma ya yi kwana uku yana tallan haka.

"Itacen da ya fi tsawo shi iska ke gaisarwa," ya ce da ni. "Duro, gobe ka raka ni wurin akanta, ka ga yadda manya ke biyan haraji. Aikin jirgin ƙasa bai nuna maka wannan ba."

Da na iso gidansa da safe sai na tarar da matarsa, Maman Dotun, ta riga ta hakimce a bayan mota da jakarta a cinya.

"Ina kuma za ki?" Cif ya tambaya.

"Inda kuɗi za su. Na farko sun fita ban ga ƙeyarsu ba. Waɗannan da idona za a ƙirga su."

Kowa a Oke-Ado ya san zancen da take yi. Rumbunan Dugbe miliyan ɗari biyu da saba'in aka saye su. Hannun jari miliyan shida a naira biyar kuwa miliyan talatin ne, kuma Maman Dotun da ta yi rayuwarta tana sayar da atamfa a kasuwar Gbagi ba ta buƙatar a buga mata wannan. Ina sauran? Ta tambaya har ta gaji, amsa ɗaya take samu, wai harkar maza ce. Daga nan ta yanke wa kanta hukunci cewa gida ya gina wa wata a Osogbo. Har matar ta zaɓa: wata bazawara mai suna Madam Asake, wadda Cif ya taɓa gaisarwa sau biyu a wajen wani biki.

Akantar yarinya ce mai natsuwa, Omolabake Oyewusi, ofishinta na saman wani kantin magani. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta kawo ruwa, sannan ta jawo na'urar lissafi.

"Baba, abin ba wuya. Kowane hannun jari an ba ku ashirin a hannu da talatin a sabon jari, hamsin ke nan. Sabon jarin ba a taɓa shi yanzu, sai ranar da kuka sayar. Kuɗin hannun ne ake dubawa. Tunda ashirin kashi biyu ne cikin biyar na hamsin, sai mu ɗauki kashi biyu cikin biyar na abin da kuka saya da shi, mu cire daga ashirin ɗin. Abin da ya rage shi ne riba, hukuma ta ɗauki ɗaya bisa goma. Nawa kuka saya?"

Cif ya gyara babbar rigarsa, ya dube ni don ya tabbata ina saurare.

"Naira biyar. Tambayi duk Ibadan."

"Kai, Baba, kun iya saye. To biyu za mu cire, riba sha takwas a kowane ɗaya." Ta danna na'ura. "Harajinku miliyan goma da dubu ɗari takwas."

Cif ya ajiye kofin ruwan a hankali.

"'Yata, sake bugawa. Waɗannan na'urorin zafi na taɓa su."

Ta sake. Bai canja ba.

"Wato don na yi wayo shi ne za a hukunta ni?"

"Iya arhar da kuka samu, iya girman ribar, Baba."

Ya cire hula, ya share gumi, ya mayar. Ya tambaya ko ana rage wa masu sarauta. Ta ce babu. Ya tambaya ko ana duba shekaru, don shi ya haura saba'in. Ta ce babu. Ya ɗaga kai ya kalli fanka, can ya ce, "Akwai wani abokina. Ba ku san shi ba, a Ilorin yake. Shi ma miliyan shida gare shi, amma shi wawa ne, sai da kasuwa ta kai ƙololuwa ya saya, a arba'in da biyar. Shi nawa zai biya?"

"Sha takwas za a cire masa, ribarsa naira biyu. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu."

"Sauran kuɗin da ya zuba fa?"

"Suna bin sabon jarinsa, ashirin da bakwai a kowane ɗaya. Ranar da ya sayar za a cire masa."

"Allah sarki, ashe wawa ma da ranarsa," in ji Maman Dotun.

Cif ya juyo gare mu. "Duro, kai da Maman Dotun ku sauka ku sayo mini maganin hawan jini a ƙasa."

"Yana cikin jakata," ta ce, ta miƙa masa.

"To ku sayo ruwa."

"Ga shi a gabanka."

Na yunƙura zan fita ni kaɗai, don na fara jin ƙanshin abin da ke tafe, amma ta take mini gefen riga da ƙafa. Na koma na zauna.

Na san Cif tun muna yara, ban taɓa ganin yana kokawa da kansa irin ta ranar ba. Bakinsa na motsi, yatsunsa na ƙirga a kan gwiwa. Girman da ya tara a kulob na gefe guda, miliyan tara da ɗoriya na ɗaya gefen. Dillalin koko kuwa ko a mafarki ba ya barin awo ya zube.

"'Yata," ya ce da wata 'yar murya, "rubuta arba'in da biyar."

"Na abokin naku?"

"Abokin ya rasu. Ni na gaje shi. Rubuta kawai, dillalina zai aiko miki da shaida."

Ni dai na kafa wa kalandar bango ido. Ina jin Maman Dotun tana lissafi ƙasa-ƙasa, irin na 'yan atamfa: shida sau arba'in, shida sau biyar. Da ta kai ƙarshe sai ta dafe ƙirji.

"Ɗari biyu da saba'in. Baban Dotun, duka kuɗin rumbunan ke nan. Ko kwabo bai fita ba."

"Na sani."

"Wato babu gida a Osogbo?"

"Wane gida? Ni da ko tayar mota sai da na ci bashi na saya a shekarar?"

Na zaci jakar za ta kwaɗa masa. Sai ga ta ta miƙe, ta ɗaga hannu sama, ta kama waƙar yabo tana taka rawa tsakanin kujeru, hawaye na zuba. Ta rungume Omolabake. Ta rungume ni. Ta dawo ta riƙe kan Cif da hannu biyu tana cewa, "Mijina, ashe wauta ce kawai. Na gode wa Allah, wauta ce."

A mota Cif ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, na kuwa cika alkawari. Matarsa ce bai tuna ya rantsar ba.

Ranar Lahadi a coci, da rabaran ya ce mai shaidar alherin Ubangiji ya fito, Maman Dotun ce ta fara isa gaba, cikin sabon leshi, da ɗaurin kai kamar buɗaɗɗiyar lema. Ta karɓi abin magana ta bayyana wa jama'a cewa shekara da shekaru Shaiɗan na raɗa mata mijinta maci amana ne, amma a makon nan Ubangiji ya nuna mata, ta hannun hukumar haraji, cewa mijinta mutumin kirki ne wanda bai iya sayen hannun jari ba. Ta faɗi farashin. Ta maimaita don na baya su ji. Coci ta ɗauki tafi, masu ganga suka shiga, aka taso Cif daga kujerarsa ta gaba aka sa shi rawa zuwa wurin baiko, inda ake zuba sadaka. Rabin 'yan kulob ɗinmu a cocin nan suke, sauran kuma labari ya same su kafin la'asar.

Cif ya yi sati biyu bai leƙo kulob ba, wai ƙafa ke damunsa. Harajin kuwa ya biya a kan lokaci.

Maman Dotun ba ta tsaya nan ba. Ta ce akwai haƙƙin da ya rage a wuyanta, ta cika bayan mota da doya da atamfa turmi biyu, ta sa na kai ta Osogbo neman gafara. Muka sami Madam Asake a ƙofar shagonta tana tankaɗe garin rogo. Maman Dotun ta zube ƙasa ta zayyana mata duk zagin da ta yi mata a ɓoye, da sunayen da ta laƙaba mata, da azumin da ta yi a kanta. Matar ta saurara har ƙarshe, ta dubi doyar, ta dube ni.

"Na yafe, 'yar'uwa," ta ce. "Amma wane ne Cif Ajeigbe?"

Maman Dotun ta kwatanta shi: gajere, mai tumbi, mai yawan magana a wajen biki. Madam Asake ta ce irinsu da yawa, ba ta gane ba. Ta dai karɓi doyar, ta dafa mana ɗaya da man ja, muka ci muka kamo hanya.