Safiyar da Mamma Vita Ta Fita

Nunzia ta dawo daga kasuwar kifi ta Castellammare wajen ƙarfe tara, ta tarar da ƙofar kicin a buɗe, kujerar mahaifiyarta ba kowa. Gahawar da ta haɗa mata ta huce a kofi, ƙwayar maganin hawan jini na gefe ba a taɓa ba.

"Mamma?"

Shiru. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa banɗaki, ta zaga wurin kaji. Da gudu ta nufi tsohuwar rijiyar gonar inabi, sai da ta ga marfin a rufe sannan ta iya jan numfashi.

Shekara shida ke nan suna karɓar baƙi masu yawon buɗe ido a gidan. Yayanta Gerlando yakan ɗauko su daga Trapani, ya zaga da su kufan Segesta, sannan ya kawo su cin abincin rana. Hannun Mamma Vita suke zuwa kallo, yadda take murza tsakin alkama a faffaɗan kasko har ya zama kuskus. Yau mutum goma sha ɗaya ne, ƙarfe ɗaya za su iso. Abin da Gerlando bai sani ba, tun bikin Ista Mamma ta fara rikicewa. Ta zuba gishiri a gahawa, ta tambayi ina mijinta, mutumin da ya shekara goma a kabari.

Nunzia ta kira Gerlando a waya.

"Yaya, Mamma ba ta gida."

"To ki duba coci mana. Ko ta je gulma wurin maƙwabta. Ina tare da mutane, Nunzia."

"Ba ta sha maganinta ba. Takalmin fitarta ma ga shi nan."

"Sai me? Mace mai shekara tamanin ba za ta sha iska ba sai da izininki?"

Ta kashe wayar, ta cusa kifin a firiji, ta shiga mota. Cocin a kulle yake. Maƙwabta ba su gan ta ba. Ta bi hanyar gonaki a hankali, tana leƙa kowane kwazazzabo, rana ta riga ta fara ƙuna. Duk baƙin abu da ta hango a ƙarƙashin zaitun sai ta taka birki, ta matsa ta ga buhu ne ko kututture.

Sha ɗaya saura wayar ta yi ƙara.

"Ki zo tsohon haikalin Segesta," in ji Gerlando. Muryarsa ta canza. "Tana nan."

Nunzia ta haura tudun tana haki. A inuwar wani ginshiƙi ta hango Mamma, zaune a kan matakalar dutse, silifas ɗin gida a ƙafa, ƙaya ta yayyage mata ƙwauri. Ta cika cinyarta da finokiyo, wani ganyen daji mai ƙamshi. Baƙin sun kewaye ta suna ɗaukar hoto, sun ɗauka cikin shirin ne.

"Mamma, me ya kawo ki nan?"

"Awakinmu nake nema. Baba zai yi faɗa." Ta ɗaga kai ta ƙare wa Nunzia kallo. "Ke 'yar gidan wa ce?"

Nunzia ta kama hannunta. Gerlando yana tsaye, ya ji komai. Ya durƙusa ya goya tsohuwar har mota.

A gida miyar kifi ba ta ko hau wuta ba. Nunzia ta wanke wa Mamma ƙafa, ta ba ta ruwa da magani, ta koma ta soya albasa da tafarnuwa, yayin da Gerlando ya riƙe baƙin a tsakar gida da zaitun da cuku. Da aka ajiye kasko, Mamma ta miƙe da kanta ta zo.

"Ruwan ya yi yawa, yarinya. Matsa."

Ta yayyafa, ta fara juya yatsu, tsakin na dunƙulewa ƙanana daidai wa daida. Baƙin suka zuba ido. Can sai hannun ya tsaya cikin garin. Ta dubi fuskokin baƙin nan kamar ba ta san inda take ba. Nunzia ta zura nata hannun kusa da na uwar, ta ci gaba da murzawa tana murmushin dole. Nata ya fito da gudaji. Ta fasa su a ɓoye, ta juye a madambaci, ta liƙe bakin da kwaɓaɓɓen gari.

Sai ƙarfe uku aka ci. Ba wanda ya yi ƙorafi, wata Bajamushiya ma har ta nemi ƙari.

Da Gerlando ya dawo daga mayar da su, ya same ta tana wanke-wanke.

"Tun yaushe?"

"Tun Ista."

"Wata huɗu, Nunzia! Ni ba ɗanta ba ne?"

"Na ɗauka zai wuce."

Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana murza goshi.

"Gobe da sassafe mu kai ta wurin likita a Trapani. Baƙin Alhamis zan ce musu su yi haƙuri." Ya dubi ƙofar ɗakin da Mamma ke barci. "Ki shimfiɗa mini a falo. Zan kira matata Rosaria ta kawo mini kayana."