Girkin Mutum Shida

Da Auta ta samu aiki a wani gari kowa murna yake, ni kuwa abin da za ta ci nake tunani. Yarinyar da ko shayi ta ɗora sai ta ƙone tukunya, ita ce za ta zauna ɗaki ita kaɗai.

Na je wurin mai tsofaffin littattafai na bakin tasha. Ya zaro mini wani littafin girki mai kauri, bangonsa ya koɗe. Ya ce da shi iyayenmu suka koya, sababbin nan hoto ne kawai.

Sai a gida na lura kowane girki a ciki na mutum shida ne. Hankalina ya tashi. Na zaro fensirina na kafinta daga bayan kunne, na hau rabawa shida ina rubutawa a gefe. Shinkafa ta rabu, gishiri ya rabu. Da na iso kan kek, ƙwai biyu, na cije.

Uwarta ta tarar da ni a kicin ina auna kaɗaɗɗen ƙwai da cokali, rigata duk fulawa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mutumin da bai san inda ludayi yake kwana ba yau ya zama malamin girki. Na ce ta bar ni, ƙwai ba katako ba ne balle in sa masa zarto.

Auta ta shigo, ta bi shafukan tana duba lissafina.

"Baba, duk wannan don kada in zauna da yunwa?"

Na ce ba yunwar kaɗai ba ce. Abin da ke cina shi ne in tuno ta a gaban faranti ɗaya, babu mai ce mata ƙara.

Ta karɓe fensirin, ta juya shi, ta fara gogewa.

"Bar shi a shidan, tsohona. In na dafa, dole in ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Wa zai cinye?"

Uwarta ta ce Allah dai ya ba maƙwabtan ƙarfin ciki.

Ba a daɗe da tafiyarta ba ta kira ni. Miyar da ta dafa ta yi gishiri, amma maƙwabta sun cinye tas. Damuwarta ɗaya: kujera biyu ce a ɗakin, sauran a tsaye suka ci.

Na ajiye wayar, na shiga neman katako.