Sunan Baba Gidaɗo

Ni ke kula da shafin ƙungiyar manoman Bukkuyum, kuma wallahi na gaji da shi. Duk ranar kasuwa, kowa sai ya buɗe waya ya duba ko sunansa ya fito a jerin masu karɓar taki. Kowane dannawa, sai rumbun bayanai ya sake tattaro sunaye dubu biyu daga farko. Kafin hantsi shafin ya suma. Sai kira, sai zagi, har Inna ta ce na rame.

Da abin ya ishe ni, na yi dabara: shafin ya haɗu sau ɗaya da safe, a aje kwafinsa, duk wanda ya buɗe a miƙa masa kwafin nan har gobe. Rumbu ya huta, ni ma na samu na ci tuwo da zafinsa.

Ranar rabon ƙarshe, Baba Gidaɗo, wani dattijon Bafulatani daga Gwashi, ya iso ofis ƙafafunsa duk laka. Sunansa bai fito ba, ga geronsa ya fara yin ruwan ɗorawa don rashin taki.

Na ce, "Baba, zauna, yanzun nan." Na shigar da sunan cikin rumbu da hannuna, na gan shi da idona. "Tafi sito wurin Mas'ud, buhu biyu ne naka."

Ya yi ta sa mani albarka har ya fita.

Sai bayan la'asar, ina naɗe tabarmar salla a gida, na tuna. Kwafin! Ban share na safe ba. Mas'ud da wayarsa yake duba masu karɓa, kuma jerin safe zai gani.

Na share, na hau babur. Na tarar Mas'ud yana sharar sito, ko buhu ɗaya babu.

"Tsohon nan na Gwashi fa?"

"Ya zo. Na duba, babu shi. Sai ya juya."

Na kira Baba Gidaɗo a waya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. "Haba Baba! Mi ya hana ka dawo wurina? Taku nawa ne?"

Ina jin kukan shanu bayansa.

"Ɗana, ka ce ka rubuta. In na komo gaban mutane na ce babu, ai na ƙaryata ka ke nan."