Tukunyar Baba Sitiyari

"Ɗanɗana wannan ki gaya mini gaskiya," in ji Baba Sitiyari, ya turo mata kwano. "Gugguru ne ko audugar katifa?"

Maƙwabciyarsa Mai Ɗinki ta ɗiba ta tauna. Audugar katifa ce, amma ba ta faɗa ba. Kwanuka uku ne a kan teburin kicin ɗinsa: na farko an yi shi da ɗan cokalin mai, na biyu a busasshiyar tukunya, na ukun kuma daga sabuwar na'urar da 'yarsa Auta ta aiko daga garin da take aiki, mai fasa masara da iska mai zafi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti likita ya raba shi da gishiri da sukari da mai. Tsohon direban bas ɗin ya haƙura da komai ban da guggurunsa na yamma, wanda yakan ci a bakin taga yana kushe tuƙin duk motar da ta wuce.

"Na mai ya fita, likita ya hana," in ji ta. "Saura biyu, Baba. Ni na'ura na zaɓar maka."

"Ke da wa? Tukunya ta san hannuna. In na daina girgiza ta minti guda sai ta ƙone, ta tona mini asiri." Ya nuna na'urar da haɓa. "Wannan kuwa ko ina nan ko ba na nan, ihunta take yi."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta ga yadda ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya shige cikin nama. Ɗazu da yake girgiza tukunyar sai da ya tsaya ya dafa bango, leɓensa ya yi toka-toka, yana jan numfashi kamar mai hawan bene da kaya. Tsoro ne ya kama ta, kuma ita in tsoro ya kama ta faɗa take yi.

"Tukunyar nan ta fi ƙarfinka yanzu. Danna abu ɗaya kawai za ka yi, ka sa kwano, ka zauna."

"To, 'yata. Kin ci."

Don ta san halinsa, da za ta fita ta ɗauke tukunyar ta tafi da ita gida. Ya bi ta da ido har ƙofa.

Bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗinsa da ɗakin ɗinkinta, bangon da ko tari aka yi sai an ji. Tun rasuwar matarsa ta saba da jin gindin tukunya yana gogar murhu kowace yamma, ƙarar-ƙarar, ƙarar-ƙarar, kafin masara ta fara fashewa. Da wannan ta yi wa Auta alkawari a waya: "Ki kwantar da hankalinki. Ina jin sa ta bango. Ranar da ban ji ba, zan shiga."

Yanzu sauti ya canja. Na'ura ta yi gurnani, masara ta yi ta fat-fat, sai ƙyas, ya kashe, sai jan kujera zuwa taga. Ta koyi sabon tsarin. Wani lokaci takan buga bango da gindin almakashi, shi kuma ya amsa da cokali, ya ɗaga murya: "Audugar ta nuna, ki zo ki cika matashi!"

Ran nan kayan makaranta ne jibge a gabanta, iyaye na zuwa karɓa da safe. Hadari ya haɗu bai zubo ba, ɗakin ya yi duhu da wuri. Ta ji gurnanin ya tashi a lokacinsa, ta ji fat-fat, ta ce a ranta, Baba na nan. Ta taka keken ɗinkinta.

Da ta tsaya sauya zare, fashewar ta ƙare, gurnanin bai tsaya ba. Ta ce wataƙila zagaye na biyu zai yi, tsoho da kwaɗayi. Ta ɗinke bakin wando ɗaya. Ta ɗinke na biyu. Ba ta ji ƙyas ba, ba ta ji kujera ba. Ta ɗauki almakashi ta buga bango, ta kasa kunne. Sai wani wari kamar na roba mai zafi ya shigo ta taga.

"Baba?"

Ta nemo makullin da Auta ta bar mata.

Yana zaune a ƙasa, bayansa jingine da kabad, kansa ya karkata gefe. Kwanon na hannunsa, babu komai a ciki. Bai kai ga ajiye shi a bakin na'urar ba. Duk fat-fat ɗin da ta ji ta kwantar da hankalinta, a ƙasa ya zuba, ya watsu ko'ina, a cinyarsa, a cikin silifas ɗinsa, har ƙarƙashin tebur. Ta zare wayar daga bango. Shirun da ya biyo baya ya fi gurnanin muni. Ta durƙusa ta riƙe hannunsa, ta kira shi, ta sake kira, sannan ta fita da gudu tana ƙwala wa maƙwabta kira.

Likitan da ya zo ya ce ko da an shigo da wuri da wuya abin ya canja. Da wuya, ya ce, bai ce ba zai yiwu ba.

Da ta kira Auta, kafin ta buɗe baki yarinyar ta ce da fara'a, "Anti, kin ji shi yau?"

"Na ji na'urar," in ji Mai Ɗinki, sai kuka ya ƙwace mata.

Bayan an yi jana'iza an watse, ta koma ɗakin ɗinki. Wandon na nan maƙale a ƙarƙashin allura. Tukunyar na nan bisa kantar kaya inda ta ajiye ta, mariƙinta ya yi santsi daidai wurin babban yatsansa. Ta sauke ta, ta ɗan girgiza. 'Yan ƙwayoyin masarar da ba su fashe ba suka yi ƙara a ciki.