Farar Rigar da Aka Juya a Mujalla

Shekara da shekaru Chizuru tana ɗinki a Melbourne, sunanta har ya fara shiga bakin masu manyan shaguna, amma mahaifiyarta da ke Kanazawa ba ta taɓa ce mata "kin iya" ba. Da ɗinkin kimono, rigar gargajiyarsu, tsohuwar ta rayu, a wurinta kuwa duk abin da aka bi da keke ba ɗinki ba ne, haɗa tsumma ne. Wannan magana kaɗai Chizuru ke jira, ga shi jikin tsohuwa ya fara ƙi.

Da wata mujallar kayan sawa ta ce za ta buga hotonta, sai ta ture keke gefe, ta zauna da zare da allura ta ɗinka farar riga mai naɗi, har yatsunta suka kumbura. Ita da kanta ta sa rigar, ta ɗora ɓangaren hagu a kan na dama, yadda mai rai ke sawa. Don ɗoki, ta ce a aika wa tsohuwa mujallar kai tsaye tun kafin ita ta gani. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Ranar da mujallar ta fito, a tsaye a shagon jarida ta buɗe shafin. Dama ce a kan hagu. A garinsu gawa kaɗai ake naɗewa haka.

Nan take ta kira Bronwyn, editar mujallar.

"Wa ya taɓa hotona?"

"Lachlan mai tsara mana shafi ne ya juya shi, hagu ta koma dama, don fuskarki ta kalli rubutun. Kullum haka muke yi, ƙawata. Ai ta wannan gefen ma kin fi kyau."

"Likkafani kuka sa mini, Bronwyn."

"Haba, kada ki mai da ƙurji gyambo. Wa zai lura?"

"Uwata."

"To, a fitowa ta gaba sai mu sa ɗan gyara a ƙasan shafi."

Chizuru ta kashe wayar, takaici ya cika ta. Da mugunta ce, da ta san wanda za ta zaga. Amma mutanen nan har zuciyarsu gani suke gata suka yi mata.

Ta yi kwanaki tana shirya bayanin da za ta yi, sai ga kiran tsohuwa.

"Mama, ba haka na sa ta ba, su ne suka..."

"Na sa tabarau na duba wuyan," in ji tsohuwa. "Da hannu kika yi?"

"Da hannu, Mama."

"Kin iya." Ta yi tari mai tsawo, Chizuru na jin numfashinta. "Tunda an riga an naɗa ta haka, kada ki sayar, ki aiko mini da ita. Dama ina ta tunanin wa zai ɗinka mini tawa, hannuna ya daina riƙe allura."