Ɗiyar Malam Mamuda

Malama Rifkatu na koyar da aji huɗu a wata firamare a Ƙofar Guga. Ajin da ke kusa da nata na Malam Mamuda ne, wanda ya samu kwangilar siminti lokacin da kowa ke gini. Kullum sai ya cika allo da rubutu, ya ce a kwafa, ya hau babur ya tafi. Yara su yi ta ihu, ita kuwa ta yi ta zarya tana tsawatarwa har muryarta ta dishe.

Ran nan sai ga shi da ɗiyarsa Zuwaira, wadda ke ajinsa.

"Malama, alfarma nake nema. Ki karɓe ta. Har yanzu ba ta iya rabawa ba."

"Wa ke koyar da ita?"

Ya sosa ƙeya.

"Ga alli," in ji ta. "Koma ka koya mata, ita da sauran 'ya'yan mutane."

Kwana biyu ya yi yana koyarwa. Da siminti ya iso, ya sake ɓacewa. Rifkatu ta ja tsaki, ta kwaso yaransa ta haɗa da nata a gindin bedi.